Gilashin muka kwaso, muka baro famfon

Kafin 2019, in aka ce babban otel a Yamai, Gaweye ake nufi, wanda aka gina a bakin kogin Isa kusa da gadar Kennedy a farkon shekarun 1980, zamanin kuɗin uraniyom. Sai ga taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019, inda aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta nahiyar. Don saukar manyan baƙin, cikin shekara guda aka buɗe Radisson Blu, wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya gina, da Noom, da Bravia.

Mutanenmu na Agye da Gazawa da Gidan Rumji da suka taka waɗannan wurare, kaɗan ne suka biya daga aljihunsu. Kwana ɗaya kan haura jika 100, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. Yawanci taron bita ne ya kai su: magajin gari, malamin gona, shugabar ƙungiyar mata, ko manomin Ɗan Saga da aka gayyato ya faɗi yadda suka raya itatuwa a gonakinsu. Wasu ma zauren taro da abincin rana kawai suka gani, suka karɓi kuɗin masauki suka je suka kwana gidan ɗan'uwa a Yantala, kuma ban ga laifinsu ba. Amma kowa ya dawo da hoto a waya: ga shi jikin gilashi, ga shi bakin wurin ninƙaya da babbar rigarsa, ga fitilu na reto a samansa. Haɗa da hotunan Alhazan da ke zuwa sari Dubai, sai ka gane inda masu gina masauki a yankinmu suke samo zanensu.

Ni ma taron bita ne ya kai ni ɗaya daga cikinsu, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ka murɗa famfo da asuba, ruwan zafi ya zubo nan take da ƙarfinsa. Ka turo ƙofa ta rufu ruf, ba tarin maƙwabci, ba ƙarar babur. Aka ɗauke wuta, fitila ta ƙyafta sau ɗaya, inji ya karɓa. Ana tsakiyar hunturu, ƙura ta rufe gari, amma ka shafa yatsa a tebur ba ka ɗauko komai ba. Da hantsi na tsaya ina kallon matar da ke gyaran ɗakuna. Da takarda a hannunta, tana bi ɗaya bayan ɗaya: ta kunna kowace fitila, ta ja ruwan bayan gida ta saurara, ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin gado. Da ta fita, wata ta shigo ta duba aikinta. Jika 100 ɗin nan, wani kasonta kuɗin waɗannan mata ne da irinsu, da mai gyaran famfo da mai kula da inji waɗanda ba ka taɓa ganinsu ba. Su kuwa ba sa fitowa a hoto.

To me muka kwaso? Tun daga bikin Maraɗi Kwalliya na Disambar 2015 garin ya shiga yayin sabbin gine-gine, yayin kuma ya bi babbar hanya gabas da yamma. Sabon masauki yanzu sai da fuskar gilashi mai shuɗi, ko da tana kallon yamma ne, a ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Sai karo mai santsi tun daga ƙofa, kujeru masu ruwan zinariya, fitilu ja da kore, da talabijin mai faɗin rabin bango.

Na kwana a irinsa a kan hanyar nan tamu, ba sai na faɗi garin ba. Wurin wankan na gilashi ne, da kan shawa mai faɗin faifai, amma ko ɗigo. A bayan ƙofa ga bokiti da moɗa, alamar masu gidan sun san halin da ake ciki tuntuni. Na'urar sanyi na tsiyaya a kan matashi. Yaron da ke karɓar baƙi, mai ladabi ne ƙwarai, ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce Alhaji ya yi tafiya, kuma makullin ɗakin inji na wurinsa. Ana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, amma wanda ya biya kuɗi yana da haƙƙin duka biyun.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin gini ana gani, ranar buɗewa a yi walima a yaba. Kuɗin gyara da albashi da horar da ma'aikata kuwa babu mai gani, don haka Alhaji na gama gini sai ya danƙa wa ƙanen matarsa ya koma kasuwa. Ga kuma wuta. Layin da ke ɗauko lantarki daga Katsina a nan Gazawa yake rabuwa zuwa Maraɗi da Damagaram, kuma duk mun ga abin da ya faru da Najeriya ta katse shi a Agustan 2023, sai Maris na 2024 ta maido. Ginin da ba a iya numfashi a cikinsa sai da na'urar sanyi, a irin wannan wuri, tanderu ne mai jiran a ɗauke wuta.

Abin takaicin shi ne saukar baƙo sana'armu ce tun kafin a san otel. A da, fataken goro da ke zuwa Gwanja a hannun fatoma suke sauka: ya ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya san abin da kake ci, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in an yi rigima. A wannan fannin manyan otel-otel ɗin ma da sauransu. Inda na sauka, sai da na roƙa aka nemo mini buta, kuma teburin karin kumallo cike yake da burodin Faransa da tufa, ba kunu, ba ƙosai. Ayar da ake nomawa a Agye da Gazawa, irinta ake kaiwa Sifaniya a yi abin sha da ita, amma ban ga kunun aya ba.

Da mai shirin gini a Gidan Rumji ko Agye zai nemi shawarata, sai in ce: Alhaji, a rage ɗakunan. A yi bango mai kauri da baranda, a dasa dogon yaro, kuɗin gilashin a sayi tankin ruwa da faifan hasken rana. A sa buta da darduma a kowane ɗaki, a nuna alƙibla. A samu mai dama fura da mai kwaɗon zogale. Sannan a ɗauki mai gyaran famfo a kan albashin wata, a tura yara biyu Yamai su yi wata shida suna bin matar nan mai takarda, kuma in za ka yi tafiya ka bar musu makullin ɗakin inji.