Sarautar Aro: Sharhi a Kan Hoton Shugaba a Sabon Ibadan

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci waƙoƙin fada, tun daga na Narambaɗa har zuwa na Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo, zai lura cewa siffofin da ake yi wa sarki kusan duk na abin da ba ya gusawa ne: dutse, ginshiƙi, bango, giwa. Rubutaccen zube ma bai kauce wa wannan turba ba. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, babban aikin aku shi ne ya tsare Musa a gida da labarai har Sarki Abdurrahman ya komo daga yaƙi ya tarar da gadonsa inda ya bar shi. Wato dai nasarar shugaba a wannan adabi ita ce kada kome ya sāke. Manufar wannan takarda ita ce duba wani irin shugaba dabam, wanda adabinmu bai cika kula da shi ba, wato sarkin zango. Za mu yi haka ne ta hanyar bitar littafin Abner Cohen mai suna Custom and Politics in Urban Africa, wanda aka buga a 1969 bayan binciken da ya yi a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963. Ba littafin adabi ba ne, amma yana da jigo da tauraro da warwara, don haka ma'aunin manazarcin adabi na iya hawa kansa.

2.0 Kujerar da Ba a Gada Daga Jihadi Ba

An kafa Sabo a 1916, lokacin da hukumar mulkin mallaka ta keɓe wa Hausawa unguwarsu a gefen Mokola. Sarkin Sabo ba shi da tuta daga Sakkwato, ba shi da ƙasa, ba shi da dakaru. Ƙasar da fadarsa take a kai ta Yarbawa ce, ikonsa kuwa ya dogara ne ga amincewar Turawa da sarakunan gari. Abin da ya riƙe unguwar shi ne fataucin goro da shanu. Cohen ya fi burge mu a nan, domin ya bi sana'ar dalla-dalla. Saniyar da aka koro daga Arewa ba ta daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando, tilas a sayar da ita da wuri, kuma galibi bashi ake ba mahauta Yarbawa. Goro kuma ɗan lele ne, in ya kwana biyu ba a duba huhu ba sai asara. To, wa zai tsaya wa baƙon falke wanda bai san kowa ba? Sai mai gida, wanda ke saukar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya lamunce masa kuɗinsa. In mai gida ya ci amana, a gaban sarki ake kai ƙara. Amana ita ce jarin unguwar, sarki kuma shi ne ma'ajinta.

Ƙulli ya zo a farkon shekarun 1950. Mulkin Turawa ta hannun sarakuna ya fara zagwanyewa a Jihar Yamma, jam'iyyun AG da NCNC suka shigo da siyasar ƙuri'a, har cikin Sabo aka rarrabu. Bangon da sarki ya jingina da shi ya soma tsagewa. A irin wannan hali, tauraron da muka saba da shi a adabi takobi yake zarewa, kamar yadda Ganɗoki na Bello Kagara ya yi wa Nasara. Mutanen Sabo ba su yi haka ba. A cikin 'yan shekaru mafi yawansu suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, wadda tasirin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya yaɗa ta a wancan zamani, suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsai da Juma'arsu a unguwa. Iko ya kwarara daga ƙofar fada zuwa zauren malamai da da'irar wazifa, ya zama ana raba shi tsakanin sarki da masu gidaje da muƙaddamai. Sarautar ta rage kauri, amma ba ta mutu ba, fatauci kuma bai kuɓuce wa Hausawa a lokacin ba.

A ganinmu wannan shi ne zuciyar littafin, ko da marubucin bai faɗe shi da wannan lafazi ba. Wanda ya san a kan tabarmar aro yake zaune ba ya jin kunyar matsawa in an zo naɗe gefenta. Sarkin da ya yarda wani ya ɗauki rabin kayansa ya fi wanda ya rungume duka ya nutse da su.

3.0 Inda Alƙalamin Ya Gaza

Sai dai akwai inda muke jayayya da Cohen. Ya karanta shigar Sabo ɗariƙa a matsayin dabarar kare kasuwa, kamar dai wazifa wani katanga ne da aka gina don kada Bayarabe ya shiga cinikin goro. Lalle ɗariƙar ta yi wannan amfani, hujjojinsa ba na yarwa ba ne. Amma amfanin abu dabam, dalilin da ya sa mutum ya rungume shi dabam. Dattijon da ya tashi da asuba yana jan lazimi ba lissafin la'ada yake yi ba. Mutanen Kano da Gusau da Kumasi sun karɓi wannan faila a shekarun nan ba tare da wani ya yi barazana ga huhunsu ba. Marubuci ya ga inuwar bishiya, ya ɗauka don ita aka shuka ta.

Na biyu, kuma wannan ya fi damun mai nazarin adabi, mutanen littafin ba su da murya. Rigingimun sarauta da na masu gidaje suna nan, amma an kawo su ne a matsayin shaida ga ra'i. Ba mu jin abin da ke kai-komo a zuciyar shugaba ranar da ya fahimci cewa maganar malami ta fi tasa shiga kunnen matasa. Wannan ba laifin masanin zamantakewa ba ne ƙwarai, domin ba aikinsa ba ne. Giɓi ne da ke jiran mai ƙagaggen labari, kuma ɗalibanmu da ke aiko wa wannan mujalla labaran 'yar sarki da ɗan talaka, shekara da shekaru, ya kamata su lura da shi.

Labarin ma bai tsaya inda littafin ya tsaya ba. Mota ta karɓe wa ƙafa da jirgin ƙasa dakon shanu, hada-hadar dabbobi da kayan gwari ta gangara arewacin birnin, zuwa Ƙaramar Hukumar Akinyele, inda kara take da kasuwar Sasa, wadda ita ma take da nata sarkin Hausawa. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya tashi a Sasa, aka ƙone rumfuna da gidaje, aka rasa rayuka, har gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka je Ibadan. A shekarar ce kuma aka buɗe sabon layin dogo daga Legas zuwa tashar Moniya, a cikin Akinyele ɗin dai. Shugaban da ke sasanta ɗan dako da mai rumfa a yau, a gabansa akwai ƙungiyoyin 'yan kasuwa da jami'an gwamnatin Jihar Oyo da jikokin fatake waɗanda Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, kuma wayar hannu ta sa falke yana iya kulla ciniki daga Maigatari ba tare da ya kwana a zauren mai gida ba.