Matigari, Mutumin Da Aka Nema Aka Rasa

A farkon shekarar 1987 labari ya isa kunnen mahukuntan ƙasar Kenya, wai akwai wani mutum ana ce da shi Matigari, yana yawo ƙauye ƙauye yana tambayar jama'a inda za a sami gaskiya da adalci. Aka ba 'yan sanda umurni su kamo shi. Suka bazu, suka yi ta cigiya, ba su gan shi ba. Can daga baya suka gane ashe mutumin nan cikin littafi yake. To, tun da yake ba a sa wa mutumin cikin littafi ankwa, sai a watan Fabrairu suka bi kantuna suka kwashe littafin duk inda suka tarad da shi. Mawallafin ne da kansa, Ngugi wa Thiong'o, ya ba da wannan labari. Littafin nan muke so mu duba tare da ku, ya ku 'yan makaranta, mu ga abin da ke cikinsa da har ya firgita masu bindiga, mu kuma auna shi kamar yadda ake auna kowane littafi.

An haifi Ngugi a 1938 a Kamiriithu, kusa da Limuru, cikin ƙasar Kikuyu. Littattafansa na fari da Turanci ya rubuta su, ya kuwa soki manyan ƙasarsa a ciki, amma ba a taɓa shi ba. Sai a 1977 shi da Ngugi wa Mirii suka tsara wasan kwaikwayo da harshen Kikuyu, manoma da leburorin ƙauyensu suka yi wasan da kansu. Nan da nan aka hana wasan, aka ɗauke Ngugi a ƙarshen shekarar aka kai shi kurkukun Kamiti, ya shekara a tsare ba shari'a. Ku lura da wannan da kyau. Muddin maganar tana cikin Turanci, masu ilmi ƙalilan ke jinta, ba wanda ya damu. Ran da ta faɗo cikin harshen da tsohuwa mai tallan itace take ji, ran nan ta zama laifi. A kurkukun ya rubuta labarinsa na farko da Kikuyu a kan takardar bayan gida. A 1982 zama ya gagare shi a Kenya, yana gudun hijira kuma ya rubuta Matigari, wanda ya fito a 1986.

Ga yadda labarin yake. Ma'anar sunan ita ce waɗanda suka saura bayan ruwan harsashi, watau mayaƙan da suka tsira. Matigari ya daɗe cikin daji yana fafatawa da wani Bature mai gona da baransa, har ya ga bayansu. Da ya fito, sai ya binne makamansa a gindin wani itacen ɓaure, ya yi ɗamara da ɓawon itace, ya ce ita ce ɗamarar zaman lafiya. Ya nufi gari don ya tattara iyalinsa su shiga gidan da ya gina da hannunsa. Abin da ya fara gani shi ne yara suna tsince-tsince a juji, suna kwana cikin matattun motoci. Ya ga 'yan sanda sun cuna wa wata mace kare, jama'a sun tsaya suna kallo, shi kaɗai ya tsawata. Da ya isa gidan, sai ya iske ɗan Baturen nan da ɗan baran sun gaje shi, sun zama abokan ciniki. Aka ɗaure shi, ya kuɓuta, ya shiga bin ɗalibi da malamin makaranta da limamin coci yana tambayarsu ina gaskiya da adalci suke. Kowa ya kau da kai don tsoro. Da ya kai tambayar gaban ministan da aka ɗora wa sunan gaskiya da adalci, sai aka ce mahaukaci ne, aka kai shi gidan mahaukata. Daga nan ya yanke shawara ɗamarar lafiya ba ta wadatar ba. Ya ƙone gidan, aka bi shi da karnuka har bakin kogi, ba a kuwa sami gawarsa ba. Wani yaro daga cikin 'yan jujin nan shi ya je ya tono makaman.

Gwanintar littafin, a ganinmu, tana ga yadda aka gina shi kamar tatsuniya. Ba a faɗi sunan ƙasar ba, ba a faɗi shekara ba. Tambaya ɗaya ce ake ta maimaitawa a gaban mutane dabam dabam, kamar amshin waƙa, har wanda ya ji sau ɗaya ya iya ba wani. Cikin littafin ma haka ake yi: mutane suna ƙara wa labarin Matigari gishiri, wannan ya ce ƙato ne, wancan ya ce harsashi ba ya kama shi, har ya zo ya tsaya gabansu ba su shaida shi ba. Wurin nan ya fi ko'ina kyau, gama ya nuna halinmu na 'yan Adam, mun fi son ba da labarin jarumi da mu amsa tambayarsa. Akwai ban dariya kuma, musamman inda aka kwaikwayi rediyon gwamnati da malaman fada masu maimaita maganar shugaba kamar aku.

Amma fa kada a ce don an hana littafi ya zama ba shi da aibi. Mun ga biyu. Na fari, mutanen cikinsa yawancinsu alamu ne kawai. Mugu mugu ne tun daga tashinsa har kwanciyarsa, ba a nuna mana zuciyarsa ba, alhali mun sani azzalumi ma yana da ranar shakka. Matar nan da aka cuna wa kare, Guthera, ita kaɗai ce aka bari muka ga tana kokawa da ranta, ita ma an taƙaita. Na biyu ya fi nauyi. Littafin ya ƙare da cewa tambaya ba ta ƙwato haƙƙi sai an haɗa da makami. Mu kuwa muna ganin tarihin littafin kansa ya ƙi wannan hukunci. Ba wanda ya tono bindiga a gindin ɓaure a 1987. Abin da ya ta da hankalin mahukunta tambayar nan ce tana yawo baki baki. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A 1982 aka sa dokar jam'iyya ɗaya a Kenya, a ƙarshen 1991 aka soke ta saboda matsin jama'a da na ƙasashen waje, a 2002 kuma jam'iyyar da ta riƙe ƙasar tun samun 'yanci a 1963 ta faɗi a akwatin zaɓe. An sha wuya kafin a kai nan, an ɗaure mutane, an kashe waɗansu, amma ba da yaƙin daji aka kai ba.

To, wa ya fito da Matigari daga takarda har 'yan sanda suka zaci mai rai ne? Masu karatu ne. Ngugi ya ba da labarin yadda aka karɓi littafinsa na farko na Kikuyu: iyali su taru da dare yaro ɗan makaranta ya karanta musu, leburori su karanta wa juna a lokacin hutun rana, a karanta cikin motocin haya. Har a mashaya akwai mai karatun da in ya kai wuri mai daɗi sai ya aje littafin, sai an sake cika masa kofi ya ci gaba. Littafi guda sai ya shiga kunne da yawa. Saboda haka kwashe littafin daga kantuna ihu ne bayan hari. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Kada ku zaci karatun nan wasa ne a zamanin. A 1982 aka yanke wa Maina wa Kinyatti, malamin tarihi, ɗaurin shekara 6 bisa zargin an same shi da takardar ta da fitina. A 1986, shekarar da Matigari ya fito, aka ɗaure ɗalibai da malamai da dama bisa irin wannan zargi. Wanda ya buɗe littafin da hukuma ta ƙi a irin wannan lokaci, ya tara mutane ya karanta musu, ya san abin da ya ɗauka. Da aikinsa yana cewa shi baligi ne, zai ji da kunnensa, ya yanke hukunci da hankalinsa. Mai hana littafi kuwa abin da yake faɗa wa jama'a shi ne ba su isa su rarrabe tsaki da tsakuwa ba, sai a tauna a ba su.

Wangui wa Goro ta juya Matigari zuwa Turanci, saboda haka kuna iya samunsa. Ngugi ya sake taka ƙasarsa a 2004 bayan shekara 22, ya rasu a 2025. Shawararmu gare ku guda biyu ce. In kun sami littafin, ku karanta shi duka, kada ku tsaya ga labarin hana shi, sa'an nan ku yi gardama da shi kamar yadda muka yi, gama wanda ya haɗiye littafi don an hana shi bai fi wanda ya ƙi shi don an hana shi ba, dukansu wani ne ya yi musu tunani. Ta biyu, ku tuna a gidajenku akwai waɗanda ba su sami zuwa makaranta ba. Abin da kuka karanta mai amfani, ku zauna a zaure ku ba su shi da harshen da suke ji, ku kuma saurari abin da za su ce a kansa, don sau da yawa tsohon da bai san baƙi ba ya fi ɗalibi gane inda labari ya dosa.