Jinjina ga Masu Gyaran Magarya da Dungas

Direban tasha ne gidan wayarsu. Mai gyara a Magarya zai ɗauki hoton abin da ya ƙone a cikin kwamfuta, ya tura wa abokin cinikinsa na kasuwar Farm Centre a Kano, ya canza sefa zuwa naira. Bayan kwana biyu sai ga ƙaramin ƙunshi a leda ya biyo ta Ɓaɓura. Na Dungas kuwa ta Maigatari.

Sai aikin dalma, ga ƙura, ga wuta marar tabbas. Ko da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 ba su naɗe hannu ba, matattun na'urori suka riƙa farkewa suna ciro sassa masu sauran rai. Sannunku da aiki, maƙeran zamani!