Mai Gadin da Ba Ruwansa da Hayaƙi

Ƙararrawar gobara ta farko da aka kafa a gidan yayata a Kano ba ta cika wata biyu ba aka zare mata batir. Irin mai jin hayaƙi ce, kuma wanda ya kafa ta ya manna ta a silin ɗin kicin, dab da risho. Da an ɗora manja a wuta sai ta tsala ihu. A soya kifi, ihu. Ranar da aka wuce da kaskon turaren wuta za a kai falo saboda baƙi, sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Maigidan ya hau kujera ya cire batirin, gida ya huta. Haka ta yi shekara a sama, ɗan farin faifai, ado kawai.

Ina gidan ranar da aka kawo wani mai aikin lantarki daban, dattijo, wanda ya daɗe yana haɗa ƙararrawa a ofisoshi da otal-otal. Ban taɓa ɗauka akwai wata gwaninta a ɗaura roba a silin da ƙusa biyu ba, sai da na ga aikinsa. Bai ko buɗe kwalinsa ba. Ya zagaye gidan kansa a ɗage, kamar mai duban wata, yana jefa tambayoyi. "Hajiya, a nan kike suya? Ƙofar nan a rufe take kwana? Turare fa, a ina ake kunna shi? Janareta ina ɗakinsa?" Da ya ga matacciyar ƙararrawar sai ya yi murmushi ya ce, "Ai ba ta yi laifi ba, Hajiya. An kai ta inda ba wurinta ba ne. Kicin mai jin zafi ake sa masa."

Na'urar jin zafi ba ta san hayaƙi ba, ba ta san tururi ba, ƙurar hunturu ma da ke rikita 'yar uwarta ba ta dame ta ba. Abu ɗaya take sauraro: zafin iskar da ta taru a ƙarƙashin silin. Mafi yawan na gida an saita su ne a digiri 57 ko 58 na ma'aunin Salshiyos. Girki na yau da kullum ba ya kai silin wannan matsayi, amma mai ya kama da wuta a kasko, harshen ya tashi, to zai kai.

Yadda take gane hakan yana burge ni saboda sauƙinsa. A tsohon samfuri akwai ɗan gutsuren ƙarfe mai saurin narkewa da ke riƙe da sifirin, kamar a ce an danne shi da curin man shanu: zafi na isa, ya narke, sifirin ya kuɓuce ya haɗa wayoyi biyu, ƙararrawa ta tashi. Wannan sau ɗaya take aiki, sai a sauya. Wani samfurin kuma ƙarfe biyu ne mabambanta da aka manne wuri ɗaya; ɗaya ya fi ɗaya miƙewa idan ya ji zafi, don haka sai su lanƙwashe su taɓa wayar. Duk mai dutsen guga na lantarki ya san wannan "ƙas" ɗin da yake yi idan ya ɗau zafi, to dabarar ke nan. Na zamani kuwa wata 'yar ƙwaya ce, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, wadda yawan lantarkin da take bari ya ratsa ta ke sauyawa gwargwadon zafi. Tunanin ya girmi kakanninmu: tun 1890 Francis Upton, abokin aikin Thomas Edison, ya yi rajistar ƙararrawar gobara ta lantarki a Amurka, sannan a 1902 George Darby ya yi rajistar tasa na'urar jin zafi a Birmingham ta Ingila.

Akwai wata iri da ta fi ba ni sha'awa, wadda ba ta jira zafi ya kai wani mizani, saurin hawansa take lura da shi. A cikinta akwai ɗan ƙoƙon iska mai siririyar kafa, da wata 'yar fata mai motsi. Idan rana ce ke ɗumama ɗaki sannu a hankali, iskar ciki tana kumbura tana sulalewa ta kafar, ba abin da ke faruwa. Idan kuwa wuta ce, zafi na hawa kamar digiri 8 a minti guda, iskar ba ta samun sararin fita, sai ta tura fatar ta haɗa waya. Wato na'urar tana rarrabe zafin Allah da zafin gobara ta hanyar gaggawarsu. Na ce masa ai wannan ta fi, a sa ta a kicin mana. Ya girgiza kai. "Malam, a buɗe tanda ko a sauke babbar tukunya, zafi ya buso gaba ɗaya, sai ta ɗauka gobara ce. Mun koma gidan jiya." Ya zaɓa wa kicin mai tsayayyen mizani.

A ɗakin janareta ne na ga inda gwanintar take. Rufin kwano ne, babu silin, ga shi watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40 a inuwa. Bai kafa komai ba ranar. Ya rataye ma'aunin zafi can sama dab da kwanon, ya ce a kunna janareta da azahar a rufe ƙofa kamar yadda aka saba, gobe zai dawo ya gani. Dalilinsa shi ne waɗannan na'urori aji-aji ne. A ƙa'idar Turai mai lamba EN 54-5, ajin A1 yana tashi tsakanin digiri 54 zuwa 65, kuma an yi shi ne don wurin da zafinsa ba ya wuce 50. Ajin B yana tashi tsakanin 69 zuwa 85. Ƙa'idar Amurka ma ta ce a bar tazarar aƙalla digiri 11 tsakanin zafi mafi tsanani da silin ke kaiwa da mizanin na'urar. Wanda ya kwafo abin da aka rubuta don ƙasar sanyi ya manna a ƙarƙashin kwanon bazara, ƙararrawarsa za ta riƙa kiran azahar kullum. Da ya dawo ya karanta ma'aunin, sai ya mayar da A1 cikin kwali ya ce B zai nemo.

Sai batun gurbi a kicin. Ya ce mu ɗauka iska mai zafi ruwa ne da aka zuba a kife: tana tashi ta bugi silin, sannan ta malala gefe-gefe. Kusurwar da bango ya haɗu da silin kuwa iska ba ta cika zagayawa a can, saboda haka ya ja tef ya bar aƙalla santimita 30 daga bango da kuma daga ƙwan fitila. Ya kauce wa fanka, ya kauce wa taga, bai kuma sa ta daidai kan risho ba, sai kusa da tsakiyar ɗakin. Zafi ba ya tafiya da nisa kamar hayaƙi, yana hucewa a hanya. Shi ya sa ƙa'idar Birtaniya ta gidaje ta ce kada wani lungu na ɗaki ya yi wa mai jin zafi nisan da ya wuce mita 5.3, alhali mai jin hayaƙi an ba ta har 7.5.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai zuga hajarsa ba. Maigidan, da ya ji cewa wannan ba ta ihun banza, sai ya ce a sa irinta a ko'ina har ɗakunan kwana. Dattijon ya ce, "A'a, Alhaji. Wannan dukiya take tsarewa, mai barci kuwa hayaƙi ke kashe shi." Katifar soso da maganin sauro ya taɓa, ko cajar da ta ƙone a soket, za su iya cika ɗaki da hayaƙi mai guba tun silin bai ko yi ɗumi ba. Don haka tsohuwar mai jin hayaƙin bai yar da ita ba: ya sa mata sabon batir, ya mayar da ita baranda ta ciki da ke gaban ɗakunan kwana, ya ƙara wasu, ya haɗa su yadda idan ta kicin ta tashi duk gidan zai ɗauka. Wannan tsari ne ƙasar Sikotilan ta wajabta wa kowane gida tun Fabrairun 2022: mai jin hayaƙi a falo da kowace baranda, mai jin zafi a kicin, dukkansu a haɗe. Dattijon ya kuma faɗa musu ƙarara cewa mai jin zafi ba ta jin warin gas idan tukunya na yoyo, ba ta kuma jin gubar hayaƙin janareta; kowanne da tasa na'urar.

Gwajin ma da abin kallo. Na miƙa masa ashana, ya ƙi karɓa, ya ce wuta tana lalata robar. Ya aro na'urar busar da gashi ta 'yar gidan, ya hau tsani, ya riƙe ta nesa kaɗan yana hura iska mai zafi. Muka yi tsit. Can sai ƙara ta ɓarke, ta baranda ta amsa, jaririn gidan ya farka da kuka. Ya ce irin mai narkewar nan ba a yi mata haka, don gwajin kansa zai cinye ta. Kafin ya sauko ya nuna wa Yaya kwanan watan da ke bayan na'urar, ya ce bayan shekara 10 a sauya, a riƙa danna maɓallin gwaji, kada mai fenti ya shafe ta, kuma a riƙa dubawa ko zanzaro ya yi gini a ramukanta.

An yi azumi biyu tun daga ranar ana tuyar ƙosai a ƙarƙashinta, kuma ba wanda ya sake hawa kujera don zare batir.