Wasiƙar Kamfani da Al'adar Kewaye-kewaye

A watan Yulin 2014 kamfanin Microsoft ya sanar da rage ma'aikata 18,000, kuma 12,500 daga cikinsu na sashen wayoyin Nokia ne da bai daɗe da saye ba. Shugaban sashen, Stephen Elop, ya aika wa mutanensa doguwar wasiƙa. Ya yi ta zancen dabarun kasuwa da daidaita manufa da ƙara wa haja daraja, sakin layi bayan sakin layi, sai can kusan ƙarshe adadin waɗanda za su rasa abincinsu ya bayyana. Magidanci na zaune gaban kwamfuta, gabansa na faɗuwa, yana laluben amsa ɗaya: da ni a ciki ko babu ni?

Wannan salon rubutu yana da ƙa'idojinsa, kuma babbarsu ita ce a ɓatar da wanda ya aikata. Ba a cewa mun sallame ku. Cewa ake yi an sake fasali, kamar abin daga sama ya faɗo. Bankin Citigroup, da zai rage mutum 11,000 a Disamban 2012, sauya matsayi ya kira matakin. Lauyoyi na son haka, domin maganar da ba ta kama suna ba tana da wuyar kaiwa kotu. Masu hannun jari ma kunnensu ya fi son jin an rage kashe kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda cutar ke gangarowa ƙasa. Ƙaramin ma'aikaci ya ga da wannan harshe manya ke magana, sai ya ɗauka shi ne alamar ƙwarewa. Rahoton da layi uku zai isar sai ya koma shafi biyu, a tashi daga taro kowa na gyaɗa kai, ba wanda ya san aikin da aka ɗora masa.

An yi ta yaƙi da wannan ɗabi'a. A 1979 Chrissie Maher ta yayyaga tarin takardun gwamnati a dandalin majalisar dokoki a Landan, ta kafa ƙungiyar neman a riƙa rubutu a sarari. A 2010 Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa ma'aikatun tarayya rubuta wa jama'a abin da za su fahimta. Dokar ba ta shafi kamfanoni ba.

Mu ma abin ya iso mu ta sanarwar bankuna da ƙungiyoyin agaji a rediyo. Kullum masu ruwa da tsaki ne ke zama domin inganta ayyuka da samar da ci gaba mai ɗorewa. Ɗan kasuwar da kuɗinsa ya maƙale a tiransifa, mai kaya na tsaye a kansa, ranar da kuɗin zai dawo yake so a faɗa masa, kuma ita ce kaɗai ba ta cikin sanarwar.