Tsoho da Tsohon Babur: Fim ɗin da Ya Dace da Kanikawan Potiskum

Duk wanda ya taɓa riƙe sifana a garin nan, ko ya taɓa tsugunawa gaban bakanike yana sauraron inji ya tashi bayan an gama ɗaure shi, to don Allah ya nemi The World's Fastest Indian ya kalla. Fim ne na 2005, Roger Donaldson ya ba da umarni, Anthony Hopkins ya fito a matsayin Burt Munro. Ni dai a wajena babu fim ɗin babur da ya kama ƙafarsa, ko kusa!

Labarin gaskiya ne. Munro mutumin Invercargill ne, can ƙarshen kudancin Niyu Zilan, an haife shi a 1899. A 1920 ya sayi babur ƙirar Indian Scout na Amurka, mai silinda biyu, cc 600, wanda iyakar gudunsa bai wuce kilomita 90 a awa ba. Wannan babur ɗin dai, shi ne ya kai filin gishiri na Bonneville a jihar Yuta, ya kafa tarihi da shi a 1967 da gudun da ya haura kilomita 295 a awa, a ajin baburan da ba su kai cc 1000 ba. Shekararsa 68 a lokacin, babur ɗin kuma 47. Ikon Allah!

Abin da ya tafi da ni shi ne wurin aikinsa. Ɗan ɗaki ne na bulo, nan yake kwana, nan yake aiki. Za ka ga ya narkar da tsofaffin fistin ya zuba ya fitar da sabo, kamar dai yadda masu tukwanen alminiyam suke yi a kasuwanninmu. A bango ga kanta cike da fistin da suka fashe, ya jera su bai zubar ba, domin kowanne ya koya masa wani abu. Wurin nan sai da na tsayar da fim ɗin na ƙare wa kantar kallo. Kuma abin da mutumin ya yi a zahiri ya ma fi wanda aka nuna. Injin ya zo da bawul a gefen silinda, tsohon yayi, inda iska da mai sai sun yi kwana kafin su shiga. Shi da kansa ya ƙera sabon kai, ya mayar da bawul ɗin sama, hanyar ta miƙe, injin ya samu numfashi. Ya yi ta faɗaɗa shi har ya kai cc 950. Kwanrod ɗinsa daga aksul na katafila ya sassaƙo su, kam kuma da magagari ya fiƙe shi da hannu. Ba kamfani a bayansa, ba injiniya, ba kuɗi.

To ina ne za a fahimci wannan in ba Potiskum ba? Garin da aka sani da kasuwar shanu da manyan motoci, inda tirela za ta shigo gareji a mace, kanikawa da masu walda su tashe ta ta koma hanyar Legas da kaya. Mun san hannun da yake iya wannan aiki, muna gaisawa da shi kullum. Sannan tun 2012 aka hana hawa babur a nan saboda rikicin Boko Haram, Keke Napep ya gaje titi, sai bayan shekaru aka sassauta, a zamanin Gwamna Mai Mala Buni. A tsawon lokacin nan tsofaffin Honda Roadmaster da Suzuki da Yamaha da Vespa na iyayenmu sun kwanta a zaure da bayan ɗaki, ƙura ta rufe su, wasu an sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Ina kallon Munro yana lallaɓa nasa, raina yana kan waɗannan.

Hopkins kuwa sai dai a ce madalla. Bai yi wasan jarumi ba, wasan dattijo ya yi, mai ɗan kurumta, mai ciwon zuciya, mai fara'a da kowa. Ya biya kuɗin jirgin ruwa da aikin kuku, ya sayi tsohuwar mota a Amurka ya ja babur ɗinsa a baya. Da ya isa Bonneville aka ce bai yi rajista ba, aka duba babur aka ga ba lemar tsayawa, ba rigar kare wuta, tayoyin ma da wuƙa ya fere su. Yadda ya tsaya gaban jami'an nan ba faɗa ba roƙo, yana bayanin injinsa kamar mai gabatar da ɗansa, ya sa idona ya kawo ruwa. Sai gudun ƙarshe: farin gishiri iya ganinka, baƙin layi guda, salansa tana gasa masa ƙafa, shi kuwa ya ƙi sakin totur. Na san yadda za ta ƙare, amma wallahi a tsaye na kalla.

Masu son tseren gajeren zango, wanda ake yi a miƙaƙƙen mita 402 daga tsaye, su sani Bonneville daban ne: can ana ba ka dogon fili ka ɗauki wuta kafin a fara auna ka. Giya ce ta bambanta, amma aikin cikin injin ɗaya ne, rage nauyi, ƙara matsi, buɗe wa iska hanya. Kuma Munro ya haye teku ne neman filin da aka tanada, mai alƙalai da agogo. Ina fatan samarinmu su lura da wannan, domin titin Kano zuwa Maiduguri na tirela ne da fasinja.

Fim ɗin ya dunƙule tafiye-tafiyensa da dama zuwa guda, wannan bai dame ni ba. Munro ya rasu a 1978. A 2014 ɗansa John ya gano an yi kuskure wajen lissafin gudun 1967, hukumar da ke kula da tseren ta sake dubawa ta gyara, aka mayar da shi kilomita 296 da ɗoriya. Babur ɗin yana nan a shagon kayan aiki na E. Hayes a Invercargill, kowa na iya shiga ya gan shi.