MIYAR DA BA TA ƊAUKAR GAGGAWA

'Yan uwana mata, Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi, to ni dai nawa ilimin na wannan karon a cikin kwanon miya na tsince shi. Akwai wata abokiyar aikina a birnin New York, mutuniyar ƙasar Kolombiya ce ta Kudancin Amurka, kullum ba ta da zance sai na wani ɗan gidan abinci da ke unguwarsu. Da dai na ga abin nata ya ƙi ƙarewa, sai ran wata Lahadi na ce mata mu je, gani ya kori ji.

Sunan unguwar Jackson Heights, a yankin Queens, inda mutanen Kolombiya suka soma taruwa tun wajejen 1960 zuwa 1970, har ake yi wa wajen laƙabi da Ƙaramar Kolombiya. Jirgin ƙasa mai lamba 7 muka hau, wanda ke bi ta saman titin Roosevelt, in ya zo wucewa sai ki ji cokula na rawa a kan tebur. Shagon ɗan ƙarami ne, kujerun ma duk sun ji jiki, amma wallahi sai da muka yi tsayuwar jiran wuri. Ga tsofaffi, ga masu goyo, ga leburori, kowa na gaida dattijuwar da ke da wurin kamar uwarsa.

Abin da na hango a teburin kusa da mu shi ya fara jan idona. Wani faranti ne kamar tire, an jera shinkafa da wake da niƙaƙƙen nama da soyayyen ƙwai da agada da fiya, suna kiransa bandeja paisa, abincin mutanen yankin Medelin. Na nuna da yatsa na ce shi nake so. Dattijuwar nan ta dubi mayafina, ta girgiza kai, ta yi wa ƙawata magana da Sifaniyanci. Ƙawata ta ce, "Mama ta ce wannan ba naki ba ne. Akwai soyayyar fatar alade a gefe, kuma ko an cire miki ita, waken ma da ƙafar alade ta dafa shi tun asuba."

Jikina ya yi sanyi. Ku duba fa, shi ne abinci mafi tsada a shagon, da ta so sai ta kwashe naman ta miƙo mini, har abada ba zan sani ba. Na ce, "Ki ce wa Mama na gode, ta zaɓa mini da kanta."

Sai ga miyar da suke kira sankocho, ta kifi. Romo ne mai ɗan kauri, a ciki akwai rogo da ɗanyar agada da dankali da masara an datsa ta da totuwarta. Kurɓar farko na gane ba garin kauri aka zuba ba, rogon da agadar ne aka bari a wuta kaɗan-kaɗan har suka saki jikinsu suka ɗaure romon. Kifin kuwa sai daga ƙarshe aka saka shi, shi ya sa bai dagargaje ba. A nan hannun mai girki yake. Mu da yawanmu mun ɗauki rogo abin dafawa a barbaɗa ƙuli, alhali asalinsa ma daga can nahiyarsu ya zo mana, shi da masara, kuma sun fi mu sanin hanyoyinsa.

Da na nemi abin sha aka kawo wani ruwa ja-ja mai sanyi, aguapanela. Ina kai shi baki na yi dariya, ashe mazarƙwaila ce aka narka aka matsa lemon tsami. Abin da muke raina wa a tallan yara, shi ne abin alfaharin wata ƙasa.

Amma fa ba zan ɓoye muku inda suka gaza ba. Na farko, abincinsu ba yaji. Bakin da ya saba da attaruhu da daddawa zai ji kamar an manta wani abu, sai dai ki nemi ɗan haɗin barkono da albasa da suke ajiyewa a gefe, shi ma lami ne. Na biyu, wainar masararsu da ake kira arepa, wadda suke ba ka tare da kowane abinci, fara ce fat ba gishiri, ni dai ko kusa ba ta kamo ƙafar masarmu ba. Na uku, kayan nauyi sun yi yawa a zama ɗaya, ga rogo ga dankali ga shinkafa, ganye kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Duk da haka na gane abin da ya sa mutanen unguwa ba sa ƙetare shagon nan. Ba ado ba ne, domin babu shi. Mai wurin ba ta yi wa tukunya gaggawa, kuma ba ta ɓoye abin da ke cikinta. 'Yar uwa, ke da kike ƙosai ko ɗanwake ko abincin sayarwa a cikin gida, in mai ciwon suga ko mai hawan jini ya aiko yana tambayar abin da kika zuba, me kike ce masa? In miyar jiya ce kika ɗumama, kina faɗa?

Ga wadda Allah ya kai ta irin wannan wuri, shawarata ita ce ta nemi kifi, ta tambayi man da aka yi suya da shi, ta bar wake sai ta ji da abin da aka dafa shi, kuma ta saƙa ɗan yajinta a jaka. Matambayi ba ya ɓata.

Ni kam na koma har sau uku, kuma duk zuwana kafin in zauna Mama ta leƙa kicin ta ce a ɗora kifi. Allah ya ba mu haƙurin girki da gaskiyar ciniki, amin.